Ruwan da Na Zuba wa Kakanki

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin riga kin sauka Zariya lafiya, kin sha ruwa, kin huta gajiyar mota. Ki gaishe mini da Gwaggonki Saratu da maigidanta da yaran duka. Na sa takardar a ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙulin da mamanki ta yi miki, don na san nan hannunki zai fara zuwa.

Kin san ni da ke ba ma doguwar magana. Ke ce 'yar fari, ga shi kuma sunan mahaifiyata kika ci, ko sau ɗaya ban taɓa kiran sunanki da bakina ba. Wasu a coci suna cewa wannan kunyar ta mutanen da ce, a bar ta. Ni dai haka na tashi na gani, kuma bakina ya ƙi sabawa. Shi ya sa tun kina rarrafe kika zama ta Kaka, mahaifina, ba tawa ba. To yanzu Kaka ba ya nan, ke kuma za ki tafi makaranta, akwai maganar da ba zan bari ki tafi da ita a buɗe ba.

Malam Iliya mai bishara ya same ni a gona ya ce kin cire kanki daga ajin baftisma. Ya ce ya tambaye ki dalili, kika ce masa, "Ruwan da aka hana Kaka, ni ma ba na so." Ya ce in yi miki faɗa. Ban yi ba. Kuma kina tune da ranar da muke ɓarar gyaɗa a gindin mangwaro, kika ɗago kai kika ce, "Baba, ruwan nan da ka zuba wa Kaka, baftisma ce ko ba ita ba ce?" Na tashi na ɗauki fartanya na fita, alhali ba ni da aikin yi a gona ranar. Ba raina ki na yi ba. Ban san amsar ba ne. Har yau da nake rubutun nan ban sani ba. Amma abin da na gani da idona zan gaya miki, da inda na yi kuskure, ko Allah zai sa ki fi ni ganewa.

Bari in fara da tawa baftismar, don kada ki ɗauka ubanki ya shiga ruwa ne da wani babban sani. Ina saurayi lokacin, gemu bai fito ba. Mamanki tana cikin mawaƙa, ni kuma na ji an ce ba a ɗaura wa mutum aure a coci sai yana da baftisma. Shi ke nan dalilina. Na haddace tambayoyin da amsoshinsu kamar yadda ake haddace waƙar talla. Dattawa suka tambaye ni, na zuba musu tas, har wani ya ce, "Yaron nan fasto zai zama." Ranar da aka kai mu rafin bayan gari, Rabaran ya dafa kaina ya nutsar da ni, na fito. Mata suna guɗa suna waƙa a bakin gaɓa. Kin san abin da ke raina? Sanyi, da kuma ko mamanki ta ga yadda rigar ta manne mini a haƙarƙari. Ban ji wani abu ya sauka a kaina ba. Na koma gida yadda na fito, da zuciyata da fushina da komai. Sai bayan shekaru, lokacin da kika yi ƙyanda muka fid da rai, a nan na fara yi wa Allah magana kamar wanda yake ji na.

To shawarata a nan: kada ki shiga ruwan nan don wani yana kallo, ko don ƙawayenki na makaranta sun shiga, ko don a daina yi miki surutu. Ko don ni kada ki shiga. Amma ki lura, har a wannan ma a rikice nake. Domin wani lokaci ina cewa, anya ba ranar ce Allah ya kama ni ba, ni ne dai ban sani ba sai daga baya? Irin yadda ake binne iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwan fari, ya kwanta shiru kamar ya mutu. Ban sani ba.

Yanzu maganar Kaka. Ke kin san shi yana zuwa coci, ba ki san shi da can ba. Shi ne mai yanka wa gidanmu baƙar akuya a gindin tsamiya kafin shuka, kamar yadda ubansa ya yi. Mu 'ya'yansa muka bi Almasihu, bai hana mu ba, bai kuma bi mu ba. Sai bayan rasuwar kakarki, wata Lahadi kawai muka gan shi a bencin baya, kusa da ƙofa, da sandarsa, da hularsa a kai. Ba wanda ya kira shi. Bayan wani lokaci da hannunsa ya kwaso layunsa da tukunyar da ke ƙarƙashin gadonsa, ya kai wa Malam Iliya, ya ce, "Ungo, na gama da su." Mutumin da duk ƙauyukan yankinmu na Tarai suka san shi da wannan aikin. Abokansa na da suka daina zama da shi a kasuwa.

Kin san yadda abin yake a wurinmu. Rabaran sau ɗaya yake zuwa a shekara, bayan damina, lokacin da rafi yake da ruwa har ƙugu, kafin ya ja. Kafin ranar kuma sai dattawa sun zauna sun yi wa mutum tambayoyi. Shekarar farko da Kaka ya nemi baftisma, ni na raka shi. Aka ce masa, "Baba, mece ce baftisma?"

Ya ce, "Wanka ne mana, sai dai da tufafi ake yi."

Samarin da ke leƙe ta taga suka fashe da dariya. Aka sake yi masa wata tambayar, ya ce, "Ku ji nan, yara. Na bar wancan, na kama wannan. Me kuma ya rage?" Dattawan suka dubi juna. Ba da mugunta ba, Uwata, ki yarda da ni, duk 'ya'yan abokansa ne. Suka ce ya ƙara koyo, sai baɗi. Ni kuwa kunya ta rufe ni har muka isa gida.

A nan ne kika ɗauki aikin koya masa. Ina jin ku daga zaure da yamma. Ki faɗa, ya maimaita, gobe ya manta. Ki ce, "Tsoho, wannan kan naka kwando ne, ana zubawa yana tsiyayewa."

Ya ce, "Ke amarya, ki kiyaye ni. In kika ci gaba da raina ni sai in sake ki in auri ƙanwarki."

Ki ce, "Wa zai aure ka ba haƙori? A haka zan girma in riga ka shiga ruwan nan."

Ya ce, "Ke? Ko da rarrafe sai na riga ki."

Daga nan abin ya zama muku tsere. Duk gidan an sani.

Da shekara ta zagayo, ana gobe za a je gaban dattawa, na zaunar da shi na gwada shi. Ya kawo wasu daidai, ya haɗa wasu da wasu. Sai na tuna dariyar samarin nan. Na ce, "Baba, mu bari sai baɗi, ka ƙara nuna. Rafin nan yana nan, ba inda zai je." Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Kai da haƙurinka, Yohanna." Washegari ya zauna a gida yana gyaran igiyar akuya, muna jin waƙa daga bakin rafi.

Don haka in kina cewa an hana Kaka ruwa, ki raba laifin daidai. Dattawa sau ɗaya suka ce masa ya jira. Na biyun ni ne. Mutane suna yabona da haƙuri, a kasuwar Rano ma in ciniki ya yi zafi ni ake turawa. Amma ranar ba haƙuri na yi ba, dariyar mutane na ji wa tsoro, na sa mata sunan haƙuri. Ki kiyayi wannan a makaranta da ko'ina. In abu mai kyau ne kuma yau ake yinsa, ki yi shi yau ko da za ki yi kuskure a gaban jama'a. Dariya ba ta kwana biyu. Kuma duk ranar da kika ji bakinki yana cewa wani "bari sai baɗi," ki tsaya ki tambayi kanki, don shi kike faɗa ko don kanki.

Sauran kin gani da idonki, amma ba duka ba. Bazara ta shigo da zafin nan da ko kaji ba sa fita. Rafin da na ce ba inda zai je ya ƙafe ƙaf, sai ramukan da mata ke tonawa cikin yashi suna jiran ruwa ya tsattsafo. A lokacin ciwon ya kwantar da Kaka. Mun kai shi asibiti a Rano, aka ba da magani, aka ce mu koma gida. Ranar da jikin ya tsananta, da tsakar rana, ya kama hannuna ya ce, "Ku kai ni ruwa."

Na aika aka kira Malam Iliya. Ya zo da gudu, gumi har cikin ido. Na ce, "Malam, ka yi masa." Ya ce, "Yohanna, ba a ba ni wannan ikon ba. Ni mai bishara ne, Rabaran ne kaɗai yake yi." Ya buga wa Rabaran waya, aka same shi yana can wata jiha wurin taro. Rabaran ya ce a yi addu'a, a ƙarfafa shi, Allah ya san nasa.

Maƙwabcinmu Malam Sule yana tsaye a ƙofar zaure, ya dawo daga sallar azahar ke nan. Ya ji komai. Ya ce, "In ruwa mai yawa kuke nema, ku ɗauko Baba in sa shi a adaidaita sahu, mu bi ta Rurum mu kai bakin dam. Ni ban san yadda kuke yi ba, amma tuƙi dai na iya." Na yi masa godiya. Sai dai Kaka ko zama ba ya iya yi, kuma in mun je, wa zai yi? Muka tsaya cirko-cirko, manyan maza uku, kowa yana kallon ɗan'uwansa.

Sai ga ki da ƙwarya, kin ɗebo daga randa. Ba wanda ya aike ki. Kika miƙo mini. Na karɓa, na durƙusa, na tallafi kansa, na zuba masa ruwan a hankali daga goshi har ya gangara ta gemu ya jiƙa tabarma.

Kin tambaye ni ko baftisma ce. To ga abin da ya sa na kasa ba ki amsa. Jikinsa yana zafi kamar kasko, kuma na san ina so in sanyaya masa. Wannan gaskiya ne. Amma kuma na san lokacin da ruwan yake zuba, akwai abin da zuciyata take faɗa. Ko na ambaci sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ko kuwa "Allah, Allah" kawai nake cewa, na yi ta juyawa na kasa tunawa. Na tambayi Malam Iliya, ya ce idonsa a rufe yake yana addu'a. Na tambayi Malam Sule, ya ce ya ga leɓena yana motsi, amma bai ji ba.

Kika karɓi ƙwaryar kika fita ƙaro wani. Kaka ya buɗe ido ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, Baba."

Uwata, ban san ko ƙarya na yi wa ubana a kan gadon mutuwarsa ba, ko kuwa gaskiya na faɗa ban sani ba. Kafin rana ta faɗi ya cika.

Ranar jana'iza Rabaran ya zo, ya yi wa'azi a kan ɓarawon nan da aka gicciye kusa da Yesu, wanda ya roƙe shi kuma aka karɓe shi ba tare da ya taɓa ruwa ba. Ya ce ba ruwa ke ceton mutum ba, bangaskiya ce ga Almasihu, ruwan shaida ce a gaban jama'a. Na ji sanyi a raina. Amma da aka watse sai na je na durƙusa na ce, "Baba Rabaran, in haka ne, me ya sa aka mayar da shi gida saboda tambayoyi?" Ya ce domin kada mutum ya shiga abin da bai gane ba, kuma baftisma umarni ne, wanda ya samu hali dole ya yi. Na ce to. Na tashi da tambayata yadda na durƙusa da ita, don Kaka ya nemi halin, mu ne muka ce sai baɗi.

Da yamma kuma Gwaggonki ta ja ni bayan rumbu. Kin san cocin maigidanta daban ne da namu, su har jarirai suke yi wa, kuma zuba ruwa suke yi a ka, ba nutsarwa ba. Ta ce, "A wurinmu, in rai yana fita, kowa ma yana iya yi, in dai ya ambaci sunayen nan uku da nufin haka. Ka ambata?"

Na ce, "Ban sani ba, Yaya."

Ta ce, "Ba ka sani ba? Bakin wa ye?"

Na ce, "Nawa."

Ta riƙe haɓa ta ce, "Kai dai Yohanna, Allah ya shirye ka." Sai ta fashe da kuka, ni ma na fashe.

To kin ji. Wannan ya ce ruwan ba shi ne ba. Waccan ta ce ruwan ne, kuma wataƙila na yi, wataƙila ban yi ba. Dukansu masu tsoron Allah ne, dukansu sun fi ni karatu. Ni kuma in ina noma sai in yi ta juya abin daga wannan kunya zuwa waccan. In ruwan ba komai ba ne, me ya sa Yesu da kansa ya shiga kogi aka yi masa? In kuwa ruwan ne komai, to ni da na shiga da hankalina a wurin mamanki, na fi tsohon da ya bar abin ubansa da abokansa ke nan? Zuciyata ba ta yarda ba. In na kai ƙarshen gona sai in ga ban matsa ko taki ɗaya ba.

Gidan da kika je za ki ji irin ta Gwaggonki, a makaranta kuma za ki haɗu da masu wata irin, da 'yan'uwanmu Musulmi da za su tambaye ki. Kada ki yi gardama a kan abin da ubanki ma bai gane ba. Ki saurara, ki yi tambaya, ki karanta da kanki tunda Allah ya ba ki abin da ni ban samu sosai ba. In kin tambayi babba ya yi miki tsawa maimakon amsa, ki yi masa ladabi, ki nemi wani. Kuma in wata yarinya ta zo miki da tambaya mai nauyi, kada ki ɗauki fartanya ki fita kamar ni. Ki ce mata ba ki sani ba, ki zauna tare da ita. Wannan ma na koya a makare.

Kada kuma ki riƙe Malam Iliya a zuci. Bayan rasuwar ya zo gidanmu ya zauna a kan turmi, abin yana cinsa a rai. Bara da aka kawo wata tsohuwa gaban dattawa, shi ya miƙe ya ce a tambaye ta abu ɗaya kawai, wa ta dogara gare shi. Aka yi ta ja-in-ja, amma a ƙarshe an sa ta a ruwa. Na tsaya a bakin gaɓa ina kallo, ban san murna nake yi ko baƙin ciki ba.

Yanzu abin da ya sa na ɗauki biro. Akwai saƙonki a wurina. Lokacin da kika fita ƙaro ruwa, bayan na ce masa shi ke nan, Kaka ya yi dariya. Ƙaramar dariya, irin wadda yake yi in ya ci ki a wasa. Ya ce, "Gaya wa amaryar nan na riga ta. Kada ta daɗe." Kafin ki dawo ya rufe ido, bai sake magana ba.

Na riƙe saƙon nan ina jira sai na gane ko baftisma ce, don ina ganin in na gaya miki kamar na ce ita ce. Kin ga, haƙurin nan nawa ne ya sake kama ni. Na ce sai na gane, sai na gane, har ga shi Malam Sule zai kai ki tasha da safe ban gane ba. To ba zan ƙara ce wa kowa sai baɗi ba.

Ni ban san abin da ruwan ƙwaryar nan yake a wurin Allah ba. Amma na san abin da yake a wurin Kaka. Bai tafi yana ganin an hana shi ba. Ya tafi yana ganin ya ci tsere. Kin ce ba kya son ruwan da aka hana shi, don kada ki bar shi shi kaɗai a baya. Shi kuwa a nasa lissafin ba a baya yake ba, yana gaba, ke yake jira.

Ba zan tilasta miki ba. In zuciyarki ta kama Almasihu kamar yadda tasa ta kama, ki shiga, ko a rafinmu in kin dawo hutu, ko a can inda kike. Yadda za a yi, nutsarwa ko zubawa, ki tambayi waɗanda suka sani, ni dai kin ga iyakata. In kuma ba ki shirya ba, ki faɗa wa Allah hakan da bakinki, kada ki fake da Kaka, don shi bai ba ki wurin fakewa ba. Duk ranar da kika sa, ki sa Gwaggonki ta kira wayar mamanki. Ko ana tsakiyar yankan dawa zan ajiye in zo. Kuma ranar zan buɗe kunnena sosai in ji abin da aka faɗa.

Ki riƙe karatunki. Ki taya Gwaggonki aiki ba sai ta ce ba. Kada ki riƙa fita ba a san inda kike ba, kuma in ba ki da lafiya ki faɗa da wuri. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki, ƙanwarki ta riga ta ce ita za ta gaji tabarmarki.

Allah ya tsare fitarki da shigarki. Ya tsare ki a hanya, a aji, da wurin kwana. Ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da muguwar abota. Ya ba ki ganewar da bai ba ubanki ba, in kuma ya ba ki, ki zo ki zaunar da ni a zaure ki koya mini yadda kika koya wa Tsoho. Nawa kan ma kwando ne, amma zan zauna. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Yohanna